Maɓalli daidai, labari a karkace: gaskiyar tarihi a finafinan yaƙi

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Ina godiya ga waɗanda suka shirya zaman nan, kuma ba zan tsaya doguwar shimfiɗa ba, don abin da ke gabanmu da yawa.

Bari mu fara daga ƙasa, daga tayar tankar yaƙi. A duk faɗin duniya yau, tankar Jamus samfurin Tiger na farko guda ɗaya ce tak ke iya tashi ta yi tafiya da injinta. Ita ce mai lamba 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, tana nan ajiye a gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila. Dama can Jamusawa ba su ƙera irinta da yawa ba, kimanin 1,350 ne. To mai shirya fim da labarinsa ke buƙatar Tiger biyu su kutso cikin gari, a ina zai samo su? Abin da aka yi a Saving Private Ryan na 1998 shi ne aka ɗauko tankar Rasha T-34 aka ɗora mata gangar jikin Tiger. In ka kalle ta daga sama ba ka da ta cewa. Amma sunkuya ka dubi ƙafafunta. Tayoyin Tiger shiga juna suke yi, wata ta leƙo ta bayan wata. Na T-34 manya ne guda biyar a jere, kowace ita kaɗai. Tayar nan mai haƙora da ke jan sarƙa, ta Tiger a gaba take, ta T-34 a baya. Wanda ya san wannan, kallo ɗaya ya ishe shi.

Kuskure ne? E, kuskure ne. Ya canza abin da mai kallo ya fahimta game da yaƙin? Ko kaɗan. Kuma a nan ne yawancin masu sukar finafinan yaƙi ke ƙare ƙarfinsu: taya, maɓalli, aninin kafaɗa, launin fenti. An bar jaki ana dukan taiki. Maganar da zan kafa yau ita ce kurakuran nan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma mafi haɗarinsu yakan zo ne a fim ɗin da kayansa suka fi kowanne zama daidai. Daidaiton maɓalli shi ke sayen amincewar mai kallo. Da zarar ya amince, duk abin da aka zuba masa game da wa ya yi me, kuma don me, sai ya haɗiye ba tauna.

Kafin mu kai can, a ba masu kayan haƙƙinsu, don aikin ba wasa ba ne. Sashen sutura na fim mai kyau ba ya farawa da tambayar yaya kakin sojan Birtaniya yake. Yana farawa da wace bataliya, a wane wata, a wane fage. Kakin soja canzawa yake cikin yaƙi ɗaya: abin da aka sa a 1940 ba shi aka sa a 1944 ba, kuma runduna biyu a rana ɗaya suna iya bambanta saboda ɗaya ta karɓi sabon kaya ɗayar ba ta karɓa ba. Sai a nemo hotuna masu kwanan wata, da littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, da takardun rabon kaya. Daga nan a ɗinka kaya hawa uku: na jarumai da kyamara za ta matso kusa da su, wanda ake yi da irin yadin asali, na tsakiya, da na 'yan cike fage da ke can nesa, waɗanda bindigoginsu ma na roba ne. Jarumi ɗaya yakan sami kaki iri ɗaya kala biyar ko fiye, daga sabo fil zuwa yagagge mai jini, saboda ba a ɗaukar fim bisa jerin labari. Sannan a tsufar da kayan: a goge gwiwa da gwiwar hannu da takarda mai yashi, a bi da burushin waya, a jiƙa a ruwan shayi, a shafa ƙasa da maiƙo a wuya da bakin aljihu.

Inda ake tuntuɓe sananne ne. A maƙala wa soja lambar yabon da ba a ƙirƙiro ta ba sai bayan shekara biyu. A kwafi hoton da rubutun ƙasansa ya yi kuskuren wuri ko shekara. A kwafi hoton fareti alhali a fagen daga ba haka ake shiga ba. Misali sojojin Birtaniya a yaƙin Zulu na 1879 rina fararen hulunansu suke yi da shayi don kada a hango su daga nesa, amma a fim farare tas ake nuna su don sun fi kyau a ido. Sai abin da tela ba ya iya gyarawa: jiki. Yawancin masu riƙe da bindiga samari ne 'yan shekara 18 zuwa 25, ramammu, haƙoransu ba su san likita ba. A fim sai ka ga ɗan shekara 45 da tumbinsa da fararen haƙora yana matsayin ƙaramin soja.

Wani kuskuren kuma da gangan ake yi. A fim ɗin Dunkirk na 2017 jiragen Jamus hancinsu rawaya ne, alhali sai bayan wasu makonni da kwashe sojojin ƙawance daga gaɓar Dunkirk ta Faransa a 1940 aka fara wannan fenti. Masu fim ɗin sun sani. Sun yi ne don mai kallo ya bambance jirgin abokin gaba cikin ƙiftawar ido. Wannan ba abin ɗaga jijiyar wuya ba ne.

Yaushe ne kaya ko wuri ke zama babbar magana? Lokacin da shi ne ya yanke hukuncin yaƙin. Ku ɗauki harin da Jamus ta kai a dajin Ardennes na Beljiyam daga 16 ga Disamba 1944. Duk dabarar harin a kan yanayi aka gina ta: hazo da gajimare sun hana jiragen ƙawance tashi har wajen 23 ga wata, ga dusar ƙanƙara, ga itatuwa masu duhu, ga ƙananan hanyoyi da tanka ba ta iya kauce musu. Shi ya sa ƙananan garuruwan da ke kan mararraba irin su Bastogne suka zama abin da aka fi zubar da jini a kai. A fim ɗin Battle of the Bulge na 1965, wanda aka ɗauka a Sifaniya da tankokin Amurka na bayan yaƙi, an yi karon ƙarshe a busasshen fili fetal ƙarƙashin rana. Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance a lokacin yaƙin, da kansa ya fito ya yi tir da shi. Tankokin aro ana iya yafe su. Amma wanda ya cire hazo da daji daga wannan yaƙi ya cire dalilin duk wani mataki da aka ɗauka a cikinsa. Haka wanda ya nuna yaƙin gadar Stirling na 1297 a Sikotilan ba tare da gada ba, alhali ƙuncin gadar shi ne ya sa aka rutsa da rundunar Ingila rabi a wannan gaɓa rabi a waccan.

Yanzu ga abin da kusan kowane fim ke yi, har ya zama mutane sun ɗauka haka yaƙi yake. Fashewa. Ƙwallon wutar nan ja mai tashi sama, fetur ne. Ana binne kaskon ƙarfe mai faɗin baki a ƙasa, a sa ɗan albarushi a gindinsa, a ɗora leda cike da fetur, a rufe da ɓawon itace mara nauyi da busasshiyar ƙasa don abin da zai watsu kada ya ji wa kowa ciwo. Harsashin igwa na gaske ba haka yake ba. Walƙiya ce ta ɗan lokaci, sai hayaƙi toka-toka da ƙura, shi ke nan. Abin da ke kisa ido ba ya ganinsa: ɓaraguzan ƙarfe masu gudu fiye da sauti. Saboda haka jarumin da ke gudu bam na tashi taku biyar a bayansa, a zahiri gawa ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka kashe ko aka raunata igwa ce ta same su, mutanen da ba su taɓa ganin wanda ya harbe su ba. Fim ba ya son wannan, ya fi son mutum biyu ido cikin ido.

Sauti ma haka. Yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka fashewar da ke nisan kilomita ɗaya za ka gan ta, ka ƙirga uku, sannan ka ji. A fim tare suke zuwa, don in aka jinkirta sai mai kallo ya zaci na'ura ce ta lalace.

Sai harsashi da ba ya ƙarewa. Jirgin Spitfire na 1940 yana da bindigogi takwas, kowace da harsashi 300. In matuƙi ya danna bai saki ba, cikin daƙiƙa 15 ko 16 ya zama fanko. Shi ya sa ake koya musu harbin daƙiƙa biyu biyu. Bindigar Thompson mai cin harsashi 30 ba ta kai daƙiƙa uku in aka riƙe kunamarta. Babbar bindigar Jamus MG42 tana aman kimanin 1,200 a minti, amma bayan wajen 250 dole a zare bututunta da ya yi ja a sa wani, kuma rabin mutanen rukunin aikinsu dakon akwatunan harsashinta ne. Ka ga kenan yaƙi dako ne da jira da lissafi, ba ɓarin wuta ba tsayawa ba.

Ga kuma tazara. Ana horar da soja ya bar mita biyar zuwa goma tsakaninsa da na kusa da shi, don kada gurneti ɗaya ya kwashe su duka. Mutum goma kenan sun bazu a mita hamsin zuwa ɗari. Babu kyamarar da za ta haɗa su ta kuma nuna fuskokinsu, sai a cure su wuri ɗaya kamar masu zuwa ɗaurin aure. Tankoki ma sau da yawa daga ɗaruruwan mitoci suke harbin juna, wani lokaci fiye da kilomita, abokin gaba ɗigo ne kawai a madubi. Waɗannan duk ina yafe su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke damuna shi ne jimlarsu: yaƙi ya koma fagen da jarumtar mutum ɗaya ke yanke hukunci.

Matse lokaci ba laifi ba ne, ba zan daɗe a kansa ba. Sojojin Amurka sun fara sauka a gaɓar Omaha ta Faransa da ƙarfe 6:30 na safiyar 6 ga Yuni 1944, kuma sai da aka wuni ana fafatawa kafin a buɗe hanyoyin fita. Saving Private Ryan ya yi shi cikin minti ashirin da 'yan kai. Dole ne. Haka haɗa hafsoshi uku a mayar da su mutum ɗaya, in dai an ba shi sunan da ba na kowa ba.

To yanzu mun iso wurin jakin. A shekarar 2000 an fitar da fim mai suna U-571, inda sojojin ruwan Amurka suka shiga jirgin ƙarƙashin teku na Jamus suka ƙwato na'urar sirri ta Enigma. Jirgin ya yi kyau, kayan sun yi kyau, har sautinsa ya ci kyauta. Ga abin da ya faru a zahiri. Ranar 9 ga Mayu 1941 jiragen yaƙin Birtaniya suka tilasta wa jirgin ƙarƙashin teku na Jamus U-110 fitowa saman ruwa, wani ƙaramin hafsa ɗan shekara 20 daga jirgin HMS Bulldog, David Balme, ya jagoranci mutanensa suka sauka cikinsa suka kwaso na'urar da takardunta. Wata bakwai kenan kafin Amurka ta shiga yaƙin. Ranar 30 ga Oktoba 1942 kuma 'yan Birtaniya biyu, Anthony Fasson da Colin Grazier, suka nutse tare da U-559 bayan sun miƙo littattafan da suka ba masanan Bletchley Park, cibiyar warware saƙonnin sirri ta Birtaniya, damar sake karanta saƙonnin jiragen, bayan wata goma suna cikin duhu. Ku lura, littattafan sun fi na'urar daraja. Yadda na'urar ke aiki an daɗe da sani, tun da masana lissafi na Folan, Marian Rejewski da abokansa, suka warware ta daga ƙarshen 1932. Abin da ake nema shi ne jadawalin saitin kowace rana, wanda Jamusawa ke bugawa da tawadar da ke narkewa in ruwa ya taɓa ta. Amurka ta kama nata jirgin, U-505, amma sai a Yunin 1944. Maganar fim ɗin ta kai majalisar dokokin Birtaniya, Firaminista Tony Blair ya ce cin fuska ne ga waɗanda suka yi aikin, kuma a 2006 ɗaya daga cikin marubutan ya amsa cewa an murɗe tarihi ne don kasuwar Amurka.

Ba sabon abu ba ne. A 1945 an janye fim ɗin Objective, Burma! daga gidajen kallo na Birtaniya bayan mako guda, saboda ya sa mai kallo ya zaci Amurkawa ne suka ci yaƙin Bama, bai dawo ba sai 1952. Amurkawa sun yi yaƙi a can, ba a musu. Amma Runduna ta 14 da ta ɗauki nauyin yaƙin ƙasa yawancinta Indiyawa ne, ga 'yan Birtaniya, ga Gurka 'yan Nepal, ga runduna ta 81 da ta 82 daga Afirka ta Yamma da ta 11 daga Afirka ta Gabas. Abin dariya, ko abin takaici, shi ne waɗanda suka yi ƙorafi a Landan don an goge su, su ma finafinansu ba su cika tunawa da Indiyawan da 'yan Afirkan ba.

Wannan gogewa ita ce mafi wuyar kamawa, don ba ka ganin abin da ba a nuna ba. A Dunkirk an kwashe mutum 338,226 tsakanin 26 ga Mayu da 4 ga Yuni 1940. Kusan kashi biyu cikin uku ta doguwar katangar tashar jiragen ruwa suka hau manyan jirage, ba ƙananan kwale-kwalen farar hula da suka fi shahara ba. Sojojin Faransa ne suka tsare baya, kuma cikin waɗanda suka riƙe birnin Lille har ƙarshen Mayu akwai rundunonin Maroko da sauran Arewacin Afirka. A bakin gaɓar akwai ɗaruruwan Indiyawa masu kula da alfadarai. A Mogadishu, 3 zuwa 4 ga Oktoba 1993, ayarin da ya ceto Amurkawan da aka ritsa ya haɗa da motocin sulke na Malesiya da tankokin Pakistan, har sojan Malesiya ɗaya ya mutu. An kashe Amurkawa 18, fim ɗin Black Hawk Down ya ba kowanne suna da fuska. Ɗaruruwan Somaliyawan da suka mutu kuwa inuwa ce kawai mai gudu tana faɗuwa. Kuma kada a ce fim ba ya da tasiri: fim ɗin Indigènes na 2006, a kan sojojin Arewacin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, shi ya zaburar da gwamnatin Jacques Chirac ta sanar da daidaita kuɗin tsoffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, wanda aka daskarar tun 1959.

Akwai wanda ya fi gogewa muni, shi ne ƙage ga mutum mai suna. Henry Hook na cikin mutum 11 da suka sami lambar yabo mafi girma ta Birtaniya a fafatawar Rorke's Drift ta yaƙin Zulu a Janairun 1879, ya yi ta fasa bango yana fitar da marasa lafiya daga asibitin da ke cin wuta. Mutum ne da aka sani da ƙin giya, mai shaidar kyakkyawan hali. Fim ɗin Zulu na 1964 ya mayar da shi mashayi mai ƙaryar ciwo, don labari na buƙatar ɗan iskan da zai shiryu. Alan Turing kuma, masanin lissafin da ya yi aiki a Bletchley Park, fim ɗin 2014 kan rayuwarsa ya nuna ya gano ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ya rufa masa asiri don tsoron tonon nasa. Wannan cin amanar ƙasa ne a lokacin yaƙi, kuma babu wata shaida cewa mutanen biyu sun taɓa haɗuwa. Me ya sa ake samun ƙarfin halin yin haka? Saboda a dokar Ingila da ta yawancin jihohin Amurka mamaci ba ya ƙarar ɓata suna, magadansa ma ba sa yi a madadinsa. Lauyoyin kamfani suna bin sunan duk mai rai da ke cikin labari layi layi. Mamaci ba shi da lauya.

Har ta'asa ana arowa daga wani yaƙi a liƙa wa wani. A wani fim na shekarar 2000 kan yaƙin 'yancin Amurka, sojojin Birtaniya sun kulle mutanen ƙauye a coci sun cinna wuta. Ba a san wannan a tarihin wancan yaƙi ba. Inda aka san shi shi ne ƙauyen Oradour na Faransa, ranar 10 ga Yuni 1944, inda dakarun SS na Jamus suka hallaka mutum sama da 640, mata da yara a cikin cocin. An zalunci ɓangare biyu kenan: wanda aka ɗora wa abin da bai yi ba, da waɗanda aka mai da mutuwarsu kayan aro. Magana ma ana ƙirƙira. Kalaman nan da ake jingina wa Admiral Yamamoto na Japan bayan harin da suka kai wa Amurka a Pearl Harbor, wai sun tayar da ƙaton da ke barci, ba a same su a wata takarda tasa ba. Daga fim suka bazu, yau har a littattafai ana kawo su.

Wani zai ce, to sai mu koma ga hotunan asali, tun da gani ya kori ji. A yi hattara. Fim ɗin yaƙin Somme da aka nuna a Agustan 1916, wanda aka sayar wa tikiti kimanin miliyan 20 cikin mako shida, yawancinsa na gaske ne. Amma wurin da ya fi shahara, inda sojoji ke fita daga rami suna faɗuwa, shirya shi aka yi a bayan fage. Ramin ba shi da zurfi, mutanen ba su ɗauke da kaya masu nauyi, kuma mai kyamara yana tsaye a inda ba zai rayu ba in da gaske ne. Wannan ita ce tambayar farko ga kowane tsohon hoto: a ina mai ɗaukar yake tsaye? In kana ganin fuskokin masu kai hari suna tunkaro ka, to yana gabansu kenan, tsakaninsu da abokan gaba. Sannan kusan duk hotunan fagen daga na yaƙe-yaƙen duniya biyu ba su da sauti. Duk ƙarar da kuke ji daga baya aka ɗora. Launin da ake sa musu yanzu zaɓin mai kwamfuta ne. Ƙaramar kyamarar hannu ta wancan zamani tana cin fim mita 30, abin da bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba, don haka duk wani dogon karo da kuka gani guntaye ne aka harhaɗa, wani lokaci daga ranaku da wurare daban-daban.

Mutane sukan ce ai kowa ya san fim fim ne. An gwada wannan. A 2009 Andrew Butler da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai rubutun tarihi ingantacce, suka kuma nuna musu guntun fim a kan batun. Inda fim ya dace da rubutu, ɗalibai sun fi tunawa sosai. Inda ya saɓa, sau da yawa abin da ke fim suka riƙe, wasu ma suka ce a rubutun suka karanta. Gargaɗin gaba ɗaya, wato a ce musu fim na iya ƙunsar kuskure, bai yi amfani ba. Abin da ya yi aiki shi ne a nuna takamaiman wurin: wannan abu da za ku gani bai faru ba, ga abin da ya faru. Malaman da ke nan su riƙe wannan. In za ku nuna wa aji fim, ku fitar da wurare uku ko huɗu tun kafin a kunna, ku faɗe su da suna.

Mai kallo a gida kuma, aikin bai kai yadda ake zato ba. Rubuta sunayen mutanen da fim ya ce na gaske ne, ka duba ranar haihuwa da mutuwar kowanne da inda yake a ranar; wannan kaɗai na rushe ƙarya da yawa. Nemi jerin rundunonin da suka halarci yaƙin ka gwada da fuskokin da aka nuna maka. Ka jira rubutun ƙarshe ka ga wa aka gode wa. In ma'aikatar tsaron wata ƙasa ce ta ba da jirage da sansani, to ka sani ta karanta labarin kafin ta bayar. Ta Amurka tana da ofishi musamman na wannan aiki, kuma takan nemi gyara ko ta ƙi. Ka kuma duba littafin da aka dogara da shi: in tarihin rayuwar mutum ɗaya ne da ya rubuta da hannunsa bayan shekara talatin, to shaidar mai ƙara ce, ba hukuncin alƙali ba.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Malama.

Tambayarta ita ce, in an canza sunan mutum, shi ke nan an fita haƙƙinsa? Ba kullum ba. Fim ɗin 1957 kan gadar Kogin Kwai ya kira kanar ɗinsa Nicholson, sunan da ba na kowa ba. Amma sansanin da aka gina gadar sananne ne, babban hafsan fursunonin wurin kuma mutum ɗaya ne, Laftanar Kanar Philip Toosey, don haka kowa shi ya kalla. Na fim ya zage yana gina wa Japanawa gada don alfahari. Toosey na gaske dukan tsiya ya sha wajen kare mutanensa, ya shirya shigo da magani da abinci a ɓoye, kuma waɗanda suka zauna ƙarƙashinsa sun yi fushi da fim ɗin ƙwarai. Gadojin ma biyu ne, ta katako da ta ƙarfe, kuma ba a ranar buɗewa aka tarwatsa su ba. An yi ta amfani da su har jiragen sama suka yi musu ruwan bama-bamai a 1945. Layin dogon kilomita 415 ne tsakanin Tailan da Bama. Fursunonin yaƙi sama da 12,000 suka mutu a aikinsa. Leburorin Asiya da aka tilasta, Tamil da 'yan Bama da 'yan Malaya da 'yan Jawa, kimanin 90,000 suka mutu, kuma da ƙyar za ki hango ɗayansu a fim ɗin.

Akwai wata tambayar? Malam na gefen taga, ɗaga murya kaɗan don na'urar ta ɗauka.